Ga Malama Kamus, Daga Tagar da Ke Kallon Taki

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu, wadda duk mutanen benen nan suka sani da Malama Kamus. Ta rasu a asibiti bayan 'yar gajeriyar jinya. Shi Ya ba mu aronta, Shi Ya karɓi abinSa, kuma dukanmu can muka nufa.

Ban ji labarin daga bakin kowa ba. Ina tsaye a taga na ga Anti, matar ɗanta, ta shigo ɗakin Malama, ta naɗe bargon da ke kan keken guragu, ta tura keken jikin bango. Da ta ɗago ta gan ni, sai ta toshe bakinta da mayafi. Shi ke nan na gane.

Malama, ɗanki ya ce duk mai abin faɗa a kanki ya rubuto, za a haɗa a ɗan littafi domin jikokinki su karanta idan sun girma. Na ji an ce tsofaffin ɗalibanki na sakandare duk sun rubuto. Ni kuwa karatuna bai wuce firamare ba sai da 'yan makonni. Na so in yi shiru kamar yadda na saba. Amma ke kika sha ce mini in bakina ya ƙi, in ba hannuna dama. To ga hannun, ki yi haƙuri da shi.

Dole in fara da yadda muka san juna, domin masu karantawa ba su san ɗakinmu ba. Muna hawa na uku a bene ɗaya da ku. Ƙofarmu da taku suna kan baranda guda, sai dai ginin ya lanƙwasa, shi ya sa tagarmu take kallon tagar ɗakinki. Tsakaninsu wani ɗan tsukukun wuri ne mai zurfi inda bututun ruwa suke sauka, hasken rana ba ya leƙa shi sai da azahar. Tagogin biyu duk ƙarafuna ne a jikinsu. Akwai kuma igiyar shanya da mutanen da suka riga mu zama suka bari, mai zagaye, in an ja ta nan sai ta tafi can.

Ummata ba ta da lafiya tun ina aji shida. Hannuwanta sun yi rauni, amma ƙafafunta lafiya lau. Abin da ya fi tafiya shi ne tunaninta. Kullum gani take an bar mata yaro a wani gida, dole ta je ta ɗauko shi. Wata rana ina makaranta, Baba yana wajen aiki, ta buɗe ƙofa ta fita. Sai washegari aka same ta a bayan tashar mota, ba takalmi, ƙafarta duk ta farfashe. Daga ranar na bar makaranta. Baba direban bas ne, da asuba yake fita, ba ya dawowa sai bayan magariba, kuma ba mu da kowa a garin nan.

Da farko makulli yana hannuna. Amma Umma takan durƙusa a gabana tana kuka, tana cewa in ji tsoron Allah in buɗe mata, yaronta yana jin yunwa. Wata rana Baba ya dawo ya tarar da mu haka, ita a durƙushe, ni a tsaye da makulli a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ke ba za ki iya ce wa mahaifiyarki a'a ba, kuma ban ga laifinki ba." Washegari ya sayo kwaɗo. Tun daga lokacin, in zai fita sai ya rufe mu ta waje, ya tafi da makullin a aljihu. Ba na so wanda ya karanta wannan ya ɗauki Baba mugu. Kafin ya danna kwaɗon nan sai ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, ina jin numfashinsa daga ciki. Tsoro ne ya sa shi.

Na daɗe ina ganinki a taga ban ce miki komai ba. Kina zaune a keke, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, ga wani ƙaton littafi a cinyarki. Ke ma ba kya fita. Ƙafafunki sun daina ɗaukarki, matakalar benen nan kuwa ko mai lafiya sai ya huta a hanya. In kin ɗago, sai in ɓuya bayan labule. Ran nan sai na ji muryarki.

"Ke 'yar nan, kurma ce ke, ko kin ba da aron harshen naki ne?"

Na ƙara shigewa bayan labule.

"To ɓuya da kyau, ga yatsunki nan ina gani. Ni fursuna, ke fursuna. Ai ko fursunoni suna gaisawa."

Ban amsa ba, ba ki kuma ji haushi ba. Kika nuna kwalin da na toshe fasasshen gilashinmu da shi, kika tambaye ni ko na san abin da aka rubuta a jikinsa. Ni ban ma san akwai rubutu ba, domin ta wajenki yake kallo. Na ciro shi na juya. An rubuta fragile da jan fenti. Kika ce ma'anarta abu mai saurin fashewa. Sannan kika ce, "Amma ba 'yar gidan Turawan Ingila ba ce, baƙuwa ce a wurinsu. Kina so mu raka ta gida?" Na ɗaga kai. Daga ranar kika sa mini suna Shiru, kuma ban taɓa jin daɗin wani suna kamarsa ba.

Haka kike kiran aikin naki, raka kalma gida. Kina da allon yara da guntun alli. Kowace safiya, bayan na yi wa Umma wanka na ba ta shayi, sai ki ɗaga allon a taga da kalma ɗaya a jiki. Ranar farko kika nuna mini uwar kalmar a Latin, harshen mutanen Rum na dā, fragilis. Washegari kakarta, frangere, wato fasawa. Na matsu in ji ƙarshe, har na yi ƙarfin hali na buɗe baki na ce, "Sai me?" Wannan ce maganata ta farko da ke. Kika tafa hannu kika ce, "Allahu Akbar, ashe tana magana!" Amma kika ƙi faɗa. Kika ce, "Taki ɗaya a rana. In na ba ki duka yau, me zai tashe ki gobe? Ni ma me zai tashe ni?"

A rana ta ƙarshe kika zana ɗan tauraro kafin kalmar, sannan kika rubuta bhreg. Kika ce duk inda na ga tauraron nan, to babu wanda ya taɓa ganin kalmar a rubuce, babu mai rai da ya taɓa jin ta. Akwai wani tsohon harshe da masana suke ganin shi ne uwar yawancin harsunan Turai da wasu na Indiya, masu shi ba su bar rubutu ba. Masana sun jera 'ya'yansa da jikokinsa ne suna kallo, har suka kintaci kamanninsa. Kika ce kamar a tara jikokin wani tsoho da ya rasu ba a ɗauke shi hoto ba, a ga duk hancinsu iri ɗaya ne, sai a ce to lallai hancin kakansu ke nan. Kika ƙara da cewa break, wato karyawa a Turanci, ita ma jikar tsohon nan ce, ta wani ɗakin. Ranar na wuni ina kallon hancin Umma da nawa a madubi.

Kika kafa mini doka: ni zan riƙa kawo kalma, kuma dole daga cikin ɗakinmu. Na ce ɗakinmu babu komai. Kika ce, "Ƙarya kike yi, ƙawata. Duba gwangwani, duba kwalba, duba bayan rediyo. Ɗakinku cike yake da baƙi, ba ki taɓa tambayarsu daga ina suke ba." Na duba, kuwa haka ne. Ɗakin da na ɗauka na san kowace tsagar bangonsa sai ya zama kamar tasha, kowa da garin da ya fito.

Na kawo medicine, wato magani, daga takardar asibitin Umma. Muka bi ta cikin Latin har muka kai ga tauraro, med, wadda kika ce tana da alaƙa da auna abu daidai yadda ya kamata. Kika ce to in riƙa tunawa da haka in ina zuba wa Umma magani a cokali, kada hannuna ya yi rawa. Na kawo sugar, kika yi dariya kika ce likita ya hana ki shan ta, amma bai hana ki raka ta ba. Ita kam ba a kan hanyar da muka saba ta tsaya ba. Ta bi ta bakin Larabawa, ta wuce har Indiya, kuma kika ce sukarin da muke faɗa ɗan uwanta ne. Wata kalmar kuma mukan bi ta kwana biyu sai sawunta ya ɓace. Ba kya ƙirƙira mata gida. Sai ki goge allon ki ce, "Nan ta tsere mana. Ban sani ba, littafin ma bai sani ba." Ban taɓa jin babba ya ce bai sani ba da sakin fuska haka.

Alherinki bai tsaya kan kalmomi ba. Kin ɗaura 'yar jaka a igiyar shanya, kullum tana zirga-zirga tsakaninmu. Ta kawo sabulu, ta kawo allura da zare, ta kawo rabin lemo da kika ce ya fi ƙarfin haƙoranki, alhali na san ƙarya kike yi don in karɓa. Lokacin da abin da ke samun 'yan mata ya fara samuna, ba ni da wanda zan tambaya, na wuni ina kuka a banɗaki. Kallo ɗaya kika yi mini kika gane. Kika rage murya kika yi mini bayani kamar uwa, jakar ta zo da abin da nake bukata, kuma ba ki sake tayar da maganar ba.

Abin da ba zan taɓa iya biyanki ba shi ne na Umma. In abin nata ya motsa, takan riƙe hannun ƙofa tana jijjigawa, tana kiran yaron da babu shi. Ni sai dai in tsaya ina kallo. Ran nan kika ɗaga murya daga tagarki kika ce, "Maman Shiru! Yaron yana nan wajena. Ya ci ya ƙoshi, ya yi barci. Kada ki tashe shi." Umma ta saki ƙofar, ta zo taga, ta ce, "Kin lulluɓe shi?" Kika ce, "Da bargona ma." Ta koma ta zauna, har da 'yar waƙarta. Daga baya na tambaye ki ko wannan ba ƙarya ba ce. Kika ce, "Allah Ya san abin da na nufa. Ki bar ni da Shi."

Sai ranar kamus. Kin ga na fara kama hanya, kika ce lokaci ya yi da zan riƙa bin sawun da kaina. Kika sa Anti ta ɗaure ƙaton littafin nan da tsumma, aka rataya shi a igiya. Igiyar ta lotsa kamar za ta tsinke, kina ta cewa, "A hankali, Shiru, in ya faɗa ramin nan ni ma ki jefa ni." Na ja har ya iso tagarmu. Sai ya ƙi shiga. Na juya shi a tsaye, na juya shi a kwance, na karkata shi, ƙarafunan suka ƙi ba shi hanya. Yatsuna kawai na zura na taɓa bangonsa, na ji laushin gefen takardun da hannunki ya cinye. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Sannan dariyar ta tsaya. Kika cire tabarau kika daɗe kina goge shi da bakin zane. Da aka ja littafin ya koma, kika ce, "Naki ne. Zan ajiye miki. Ranar da kika zo da ƙafarki, ki ɗauka."

Kin yi ƙoƙari a kaina, ina so jikokinki su san wannan. Wata ranar hutun Baba kika kira shi ta taga. Ya zo ya gaishe ki da ladabi, ya saurare ki har kika gama. Kin yi masa maganar makaranta, kin yi masa maganar gobara, kin ce yarinya ba tsuntsuwa ba ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, na ji, Allah Ya saka da alheri. Amma ba ke kika je bayan tasha kika ɗauko ta ba. Ba ki ga ƙafarta ba." Washegari kika ce mini, "Babanki ya kayar da ni, kuma da gaskiyarsa. Ni tausayi kawai nake da shi, ba ni da amsar tsoronsa. Maganar nan a bakinki take, ba a nawa ba." Na ce ba zan iya ba. Kika ce, "To kawo kalma."

Kalmar ƙarshe da na kawo miki ta taga a kan murfin kwalbar maganin Umma na same ta: close, wato rufe. Da na ɗaga kwalbar kika dube ni ta saman tabarau, kika ce, "Lallai yarinyar nan, kin iya zaɓe." Ranar farko muka je tsohon Faransanci, clore. Rana ta biyu muka shiga Latin, claudere, rufewa. Rana ta uku ba mu yi gaba ba, kika ce mu tsaya mu gaida dangi, kika nuna mini clavis, makulli, da clavus, ƙusa. Na ce a raina, to shi ke nan, gidan nan duk ƙarfe ne, daga kwaɗo sai makulli, tun farkon duniya haka abin yake.

A rana ta huɗu kika ɗaga allo da tauraro da klau. Sai kika ja igiya. A cikin jaka na tarar da ɗan reshen itace mai lanƙwasa a kai, wanda kika sa jikarki ta tsinto miki a hanyar makaranta. Kika ce, "Ga kakan kakanninsu. Masana suna ganin ma'anarta ƙugiya, ko ɗan turken da ake saƙale ƙofa da shi. Iyakar abin da littafi ya ce ke nan. Sauran nawa ne, ba na littafi ba: ni a ganina, wanda ke cikin ɗaki shi yake saƙala irin wannan da hannunsa, don ya kwana lafiya. Rufe ƙofa ba dole sai an rufe mutum ba." Sannan kika goge allon kika ce, "Mun kai ta gida. Kalma ta gaba ba zan karɓa ta taga ba. Ki kawo mini ita da ƙafarki."

Da yamma na shirya maganata tsaf. Baba ya shigo, ya zauna a bakin katifa zai cire takalmi, kafin in kawo masa ruwa barci ya kwashe shi da takalmi ɗaya a ƙafa. Na cire masa ɗayan, na ce gobe.

Washegari da safe na zo taga, na gan ki a keke kamar kullum, amma kanki ya faɗa gefe, hannunki yana lilo, tabarau a ƙasa. Na kira ki a hankali. Na ja igiya don jakar ta bugi ƙarfen tagarki. Ba ki motsa ba. Ɗanki yana wajen aiki, Anti ta kai yara makaranta. Na ruga ƙofa na ja, na manta ma da kwaɗon, na ja har fatar hannuna ta saluɓe. Tsakanina da ke tafiyar da ba ta kai a sha kofin ruwa ba, amma na kasa. Na dawo taga na kama ƙarafuna na yi ihu. Ban san ina da murya irin wannan ba. Na yi ta kiran tela na ƙasan bene, na kira duk wanda na taɓa jin muryarsa a matakala, Umma tana bayana tana kuka ita ma ba ta san dalili ba. Har tela ya ji, suka hawo da gudu. Ina kallo ta taga suka ɗauke ki. Karo na farko da kika sauka benen nan ke nan tun da aka hawo da ke.

Bayan sun tafi tela ya dawo ya ƙwanƙwasa mana. Ya ce, "'Yar nan, ke ce mai ihun? Fito ki faɗa wa iyalinta yadda aka yi." Na ce, "An kulle mu." Na ji ya taɓa kwaɗon, ya yi salati, ya sauka a hankali.

Ba ki farfaɗo ba har Allah Ya yi ikonSa. Aka yi zaman makoki a ɗakinku, ina jin takun mutane a baranda suna wuce ƙofarmu, ina jin addu'o'i ta bango, ina amsa amin ni kaɗai. Duk wanda ya san ki ya shiga ya yi gaisuwa, har mai kawo ruwa. Ni da kika raya wa safiyata ban je ba.

A rana ta uku da rasuwarki, da na kai wa Baba shayi, sai na ajiye ɗan reshen nan a kan tire. Ya ɗauka ya juya ya ce, "Wannan fa?" Na ce kalma ce. Ya dube ni kamar ni ma ciwon Umma ya kama ni. Sai na fara, idona a ƙasa. Na raka masa ita tun daga murfin kwalba, ta Faransanci, ta Latin, na gaishe masa da makulli da ƙusa, har na kai shi ga tauraro. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba tun da aka haife ni. Na ce, "Baba, a sa sakata a can saman ƙofa, ta ciki, inda ko ni sai na taka kujera. Umma ba ta iya jan kujera da hannuwan nan nata, ba ta ma kallon sama." Ya ce, "In ta durƙusa miki fa? In ta yi kuka?" Na ce, "Zan yi kukan tare da ita, amma ba zan buɗe ba." Ya dubi ƙofar. Na ce, "Baba, Malama tana mutuwa ina kallo. Da kai ne fa? Da wuta ce fa?"

Ya daɗe yana juya reshen a hannunsa, shayin ya huce. Sannan ya ce, "Tela ya tare ni a ƙasa. Ya ce har bakin titi aka ji muryarki. Na ce masa ba 'yata ba ce, 'yata ba ta da murya." Ya share fuskarsa da hula. Bai ce ya yarda ba. Amma washegari bai fita da asuba ba, sai da hantsi ya fita, ya dawo da kafinta.

Da kafinta ya gama, Baba ya zauna da Umma, ya ce in je in yi gaisuwa. Na sa mayafi, na ɗauki kwalin kyandir, domin akwai kalma a jikinsa, kuma kin ce in kawo miki ita da ƙafata. Takalmina ya matse ni, ashe ƙafata ta girma ban sani ba. Barandar ta yi mini faɗi, na bi jikin bango. Anti ta buɗe, ta rungume ni, ta kai ni ɗakinki ba tare da na roƙa ba. Na tsaya inda kekenki yake tsayawa, na duba waje. Sai na ga tagarmu. Ban taɓa ganinta daga nan ba. 'Yar ƙarama ce, baƙa ƙirin, da kwali a gefe da ƙarafuna. Abin da kike kallo ke nan kowace safiya, kika kuma samu abin dariya da za ki faɗa mata. A nan ne na yi kukan da ban yi ba.

Kamus yana kan tebur, har yanzu da tsumman da aka ɗaure shi. Anti ta ce kin gaya musu tun tuni na Shiru ne, kada kowa ya taɓa. Na rungume shi a ƙirji, na bi baranda da shi, na shiga ƙofarmu. Ko gefensa bai taɓa ba.

Ba zan ce miki komai ya gyaru ba, Malama, domin ba kya son a ƙirƙira wa kalma gidan da ba nata ba. Ban koma makaranta ba. Har yanzu a ɗakin nan nake wuni, bangon nan huɗu ne, ramin nan ne, kuma yanzu tagar da ke kallona babu kowa a cikinta. Anti ta ce za ta riƙa zama da Umma wani lokaci in na so in sauka, amma ban kai ƙasa ba tukuna. Bambancin kawai, in Baba ya fita, ni nake hawa kujera in tura sakata da hannuna. Kwaɗon yana cikin akwatin Baba, bai jefar ba, ni ma ban ce ya jefar ba.

Shekaranjiya abin Umma ya motsa. Ta durƙusa, ta kama ƙafata, ta haɗa ni da Allah. Na durƙusa ni ma, muka yi kuka, ban dubi sama inda sakata take ba. Da na samu murya na ce, "Umma, yaron yana wajen Malama. Ya yi barci." Ta ce, "Ta lulluɓe shi?" Na ce, "Da bargonta ma." Ta tashi ta zauna.

Kalmar da na kawo miki candle ce, wato kyandir. Na duba da kaina, na sami uwarta a Latin, candela. Kakarta tana nan a layi na gaba, na rufe ta da yatsa. Ban leƙa ba, Malama, wallahi ban leƙa ba. Sai gobe.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ta zauna shekaru a ɗaki ɗaya ba ta yi ƙorafi ba, ta kuma yalwata wa wata nata ɗakin. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka buɗe mata taga zuwa Aljanna. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka karɓi kyawawan ayyukanta, Ka mayar mata da ƙafafunta a inda babu matakala mai wahala. Abin da ta faɗa wa Ummata don ta kwantar mata da hankali, Ka rubuta mata shi a cikin sadaka. Ka ba Ummata lafiya, Ka sanyaya zuciyar Babana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta, da Anti wadda ta yi jinyarta ba gajiyawa, da jikokinta, musamman wadda ta tsinto reshe ba ta san abin da ta tsinto ba, da ɗalibanta na kusa da na nesa, da duk mutanen benen nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Anti, ina roƙon alfarma ɗaya: kada a kwance igiyar nan.

Allah Ya jiƙan Malama, Ya raka ta gida. Amin.

Ɗalibarta ta ƙarshe,
Shiru